Sabon Wurin Aiki Ya Zame Mini Abin Fargaba: Shin In Ajiye Aikin?

Assalamu alaikum, Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26. Na karanta ilimin akanta, kuma bayan na gama bautar ƙasa sai da na yi kusan shekara biyu a gida kafin Allah Ya ba ni aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Kaduna. Yau wata biyu ke nan da na fara, amma kullum gabana faɗuwa yake yi tun kafin in isa bakin ƙofar ofis. Kowace Litinin akan yi taro, kowa ya tashi ya ba da rahoton aikinsa na mako da Turanci. A taro na biyu da na halarta muryata ta yi ta rawa, manaja ya ce in ɗaga murya, na ji mutum biyu sun yi dariya. Tun daga ranar nake rubuta rahotona in ba wata abokiyar aikina ta karanta a madadina. A teburina nake cin abinci ni kaɗai, ba na iya shiga hira, kuma kwanan baya na shigar da wasu alƙaluma ba daidai ba a kwamfuta saboda na ji nauyin yin tambaya, sai da aka ɓata yini guda ana gyara. Yanzu na ji ana cewa wai girman kai gare ni. Da daddare ba na samun barci, sai in yi ta maimaita duk abin da na faɗa da rana. Mama ta ce kunya ce, kunya kuwa ado ce ga 'ya mace, in ci gaba da addu'a. Wata shida aka ba ni na gwaji kafin a tabbatar da ni, ni kuwa ina tunanin in ajiye aikin da kaina kafin a kore ni. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata mai neman shawara daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da maganarki ta ƙarshe domin ita ce mai gaggawa: kada ki ajiye aikin nan yanzu. A cikin duk abin da kika rubuto ban ga takardar gargaɗi ba, ban kuma ga inda manaja ya ce aikinki bai gamsar da shi ba, abin da na gani shi ne hukuncin kora da kika yanke wa kanki da kanki. Idan kika miƙa takardar ajiye aiki gobe, tabbas za ki ji sanyi a ranki na 'yan kwanaki, amma wannan sanyin zai koya wa zuciyarki cewa gudu ne ya cece ki, kuma duk ranar da kika sami wani aikin, can ma za ki tarar da taro da baƙin fuskoki da manaja, sai dai a lokacin tsoron zai fi na yau ƙarfi saboda ya taɓa kayar da ke. Shekara biyun da kika yi kina jiran wannan dama ba ƙaramin abu ba ne, kuma sauran watanni huɗun da ke gabanki sun ishe ki ki ga canji na zahiri idan kika yi aiki da su.

Ya kamata ki san abin da ke faruwa a jikinki. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta sa jiki ya saki wani sinadari da ake kira adiranalin, wanda yake ƙara bugun zuciya, ya hanzarta numfashi, ya busar da baki, ya jiƙa tafin hannu da gumi, ya ɗaure tsokoki har murya ta riƙa rawa. Amfanin wannan tsari shi ne mutum ya tsere wa abin da zai cutar da shi, sai dai ƙwaƙwalwa ba kullum take bambanta maciji a bakin ƙofa da idanun mutane a ɗakin taro ba. Wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Kusan duk wanda ya shiga sabon wurin aiki yakan ɗanɗana wani abu daga cikinsa, kuma ko nau'insa mai tsanani ba baƙon abu ba ne, domin wani babban bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na mutanen da suka kai shekarun girma sun taɓa fama da matsanancin tsoron shiga jama'a a wani lokaci na rayuwarsu.

Mama ta faɗi gaskiya da ta ce kunya ado ce, kuma ba na so ki fita daga wannan shafi da tunanin cewa tarbiyyar gidanku ita ce cutarki. Hadisi ingantacce ya ce kunya ba ta zuwa da komai sai alheri. To amma ki duba abin da wannan hali ya zo miki da shi: rashin barci, kuskure a lissafin kamfani, da zargin girman kai. Kunya takan hana mutum aikata abin da bai dace ba, wannan kuwa yana hana ki aikata abin da ya wajaba a kanki, wato aikin da ake biyan ki albashi dominsa. Akwai dai wani abu da ya kamata mu iyaye da yayye mu amince da shi. Mukan tarbiyyantar da 'ya mace a kan ta sunkuyar da kai gaban manya, ta sassauta murya, kada ta sa baki sai an tambaye ta, sannan rana ɗaya mu tura ta ofis inda ake so ta miƙe tsaye gaban maza da mata da suka girme ta, ta dubi fuskokinsu, ta yi bayani da murya mai fita, kuma da harshen da ba da shi ta tashi ba. Babu wanda ya zaunar da ke ya koya miki wannan. Saboda haka ki ɗauke shi a matsayin darasin da ba ki riga kin koya ba, kamar yadda akwai lokacin da ba ki iya daidaita lissafin shige da fice na kuɗi ba, sannan kika iya.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne tushen matsalarki, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. A shekarar 1995 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Ingila, David Clark da Adrian Wells, suka yi ƙoƙarin amsa wata tambaya: me ya sa mai tsoron shiga jama'a yake haɗuwa da mutane kullum, ba a cutar da shi ba, amma tsoron bai gushe ba? Bayanin da suka kawo, wanda har yau ake gina magani a kansa, shi ne cewa irin wannan mutum da zarar ya shiga cikin mutane sai ya janye hankalinsa daga kansu ya mayar da shi kan kansa, yana sauraron bugun zuciyarsa, yana auna muryarsa, yana zana wa kansa hoton yadda yake zaton ana ganinsa, har ya kasa lura da cewa mutanen ba su ma damu ba. Sannan yakan ƙirƙiro dabarun kare kai, kuma waɗannan dabaru su ne suke ciyar da tsoron. Ki duba naki. Kin ba abokiyar aikinki rahotonki ta karanta, don haka kowace Litinin kina fita daga taro da imanin cewa da ke kika karanta da kin ji kunya, kuma ba ki ba kanki damar gano ko hakan gaskiya ne ba. Kina cin abinci a teburinki don kada ki rasa abin cewa, don haka bayan wata biyu har yanzu abokan aikinki baƙi ne a wurinki. Kin ƙi yin tambaya don kada a ce ba ki iya ba, sai rashin tambayar ya haifar da kuskuren da kowa ya gani. Haka zancen girman kan ya samo asali, domin mutane ba sa ganin abin da ke cikin ƙirjinki, abin da suke gani shi ne sabuwar ma'aikaciya da take wucewa ba ta ɗaga kai ba, ba ta zama da kowa, har rahotonta ma wata take sa wa ta karanta mata. Ban ce sun kyauta ba da suka yi da ke a bayan idonki, amma fassarar da suka yi ita ce wadda ta fi kusa da hannunsu, kuma ke ce kike da ikon ba su wata.

Game da dariyar da aka yi, ba zan ce miki kunnenki ne ya jiye miki ba. Mai yiwuwa an yi ta, kuma idan ke aka yi wa, rashin ladabi ne. Abin da nake shakka shi ne girman da kika ba ta. Wani malamin Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich, shi da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a shekarar 2000, inda suka sa ɗalibai suka sanya riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka shiga ɗakin da wasu ɗaliban suke zaune. Masu rigar sun yi hasashen cewa kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da hoton, amma da aka tambaya sai aka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. A 2003 kuma shi da Kenneth Savitsky suka nuna cewa masu jawabi a gaban jama'a sukan zaci firgicinsu ya bayyana fiye da yadda masu sauraro suka gan shi. Ki tuna cewa a taron Litinin kowa yana da rahoton da zai bayar, kuma yayin da kike magana da yawansu suna duba takardunsu ne suna shirya nasu. Rawar muryar da kika kwana da ita makonni, mafi yawan waɗanda suka ji ta sun manta da ita kafin azahar.

Kina jiran tsoron ya tafi sannan ki fara magana, alhali kuwa jerin a juye yake. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya yi bayani tun 1977 cewa yardar da mutum yake yi da iyawarsa tana samuwa ta hanyoyi da dama, kamar ganin wani irinsa ya yi, ko ƙarfafawar da ake yi masa da baki, amma wadda ta fi kowace ƙarfi ita ce ya aikata abin da kansa ya ga ya yiwu. Ma'ana ko da zan cika wannan shafi da yabonki, ba zai yi miki amfanin gaisuwa ɗaya da kika fara yi da bakinki ba, kina jin tsoron kuma kika yi. Sharaɗin kawai shi ne a fara da ƙarami, a maimaita shi har ya zama jiki, sannan a hau na gaba.

Ki fara da gaisuwa, domin a nan kin riga kin ƙware tun kina yarinya. Gobe da safe idan kin iso, ki tsaya a wurin mai gadi ki ce masa ina kwana, ki tambaye shi gajiya da iyali, ki kuma tambayi sunansa ki riƙe. Haka za ki yi wa mai shara da masinja da direba, waɗanda galibi sun fi kowa daɗewa a wurin kuma sun fi kowa sanin halin kowa. Idan kin shiga sashenku, kafin ki ajiye jaka ki kunna kwamfuta, ki bi teburan da ke kusa da naki ki gai da kowa da sunansa, ki ɗaga kai ki dubi fuskarsa gwargwadon abin da gaisuwar za ta ɗauka. Wanda ba Bahaushe ba ki gai da shi da Turanci, kuma idan kin koyi gaisuwar safe da harshensu za ki ga yadda fuskarsa za ta saki. Wannan duka bai wuce minti uku ba, ba ya buƙatar ki iya hira ko barkwanci, kuma shi kaɗai zai iya kashe zancen girman kai cikin 'yan makonni, domin da wuya a ci gaba da kiran mai gaisuwa da wannan suna. Idan an yi wa wani haihuwa ko rasuwa, ki je teburinsa ki yi barka ko ta'aziyya, ki sa hannu a gudummawar da ake tarawa gwargwadon ƙarfinki.

Bayan mako ɗaya ko biyu, ki ɗauki abincinki ki koma inda ake ci. Ba sai kin yi magana mai yawa ba. Ki zauna kusa da abokiyar nan taki, ki saurara, ki yi tambaya ɗaya a kan abin da wani ya faɗa, kuma ki sa hankalinki a kan amsarsa maimakon kan yadda tambayarki ta fita. Lokacin sallar azahar ma dama ce, domin tafiya wurin alwala tare da wata takan buɗe hirar da teburin ofis ba ya buɗewa. Idan kin tashi kina jin kamar kin gundure su, ki sani cewa a 2018 Erica Boothby da abokan bincikenta sun gano cewa bayan hira da sabon mutum, yawancin mutane sukan raina irin yadda abokin hirar ya ji daɗinsu. Ba na neman ki zama mai surutu, kuma ba na neman ki sauke wata iyaka da kika ɗora wa kanki ta addini ko ta mutunci a mu'amala da maza, domin mace tana iya zama mai kamun kai kuma mai sakin fuska a lokaci guda.

Maganar tambaya ta fi damuna, saboda aikinki aikin kuɗi ne, kuma a sashen kuɗi shiru yana da tsada. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kowane kamfani yana da nasa tsarin shigar da lissafi, da lambobin da yake ba kowane irin kashe kuɗi, da matakan amincewa kafin a biya, waɗanda ba a koyar da su a jami'a, don haka ko wanda ya shekara goma yana aikin akanta a wani wuri sai ya tambaya idan ya zo sabo. Watannin nan na farko su ne lokacin da tambaya ta fi araha, domin kowa ya san ke baƙuwa ce. Ki sayi ƙaramin littafi, duk abin da ya shige miki duhu ki rubuta, sannan ki tara biyu ko uku ki je wurin wanda ya sani a lokacin da ba ya cikin matsi, ki ce masa: ga yadda na fahimci abin nan, ga inda na tsaya, daidai ne ko akwai gyara? Tambayar da aka yi ta haka tana nuna cewa kin yi tunani kafin ki zo. Ki rubuta amsar a gabansa don kada ki sake tambayar abu ɗaya sau uku, wanda shi ne kawai irin tambayar da ke gajiyar da mutane. Shi kuwa kuskuren da ya riga ya faru, an gyara shi, kuma idan ba ki gode wa waɗanda suka ɓata yininsu a kansa ba, ki je ki gode musu a taƙaice ba tare da doguwar ban haƙuri ba.

Sai taron Litinin. Ki gode wa abokiyar aikinki, domin da kyakkyawar niyya take taimakonki, amma ki gaya mata cewa daga Litinin ta sama ke za ki riƙa karanta abinki, kuma ki roƙe ta kada ta karɓa ko da kin miƙa mata a ranar. Ki shirya rahoton tun ranar Juma'a kafin ki tashi, lokacin da aikin makon yake sabo a kanki, ki taƙaita shi a kan abin da aka gama, da abin da ya rage, da abin da kike buƙata daga wani sashe. Kada ki haddace shi kalma bayan kalma, domin wanda ya haddace idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai duka ya rushe. Jimlar farko kaɗai za ki riƙe da kyau, sauran ki rubuta kanunsu da alƙalumansu da manyan baƙaƙe a takarda ɗaya. Ranar Asabar da Lahadi ki tsaya a tsaye ki faɗe shi da ƙarfi a gaban ƙanwarki ko wata aminiya, ta zauna a ƙarshen ɗaki, ta gaya miki ko tana jin ki, saboda karantawa a zuci ba ta horar da murya. Ranar taron ki zo da wuri ki zauna inda kike ganin manaja sosai, da ruwa a gabanki saboda bushewar baki. Kafin layi ya zo kanki, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, sau da yawa, domin tsawaita fitar numfashi yana rage gudun zuciya. Idan ana ba da zaɓi, ki nemi ki yi naki da wuri, tun da zaman jira shi ne yake ƙara wa fargaba ƙarfi. Idan kin miƙe, ki yi magana da wanda ya fi kowa nisa da ke a ɗakin, muryarki za ta ɗaga da kanta. Mai yiwuwa ta yi rawa a jimlar farko da ta biyu. Ki bar ta ta yi, kada ki tsaya ba da haƙuri, ki ci gaba da alƙalumanki, domin su manaja yake jira. Abin da za ki auna kanki da shi a makonnin farko shi ne ko kin tashi kin faɗa har ƙarshe, ba ko kin ji tsoro ba.

Ina zaton Turancin ma yana cikin abin da ke ɗaure miki harshe, ko da ba ki faɗa kai tsaye ba. Duk wanda ke ɗakin nan da karin harshen uwarsa yake Turanci, Bayarabe ne ko Ibo ko mutumin Kudancin Kaduna, kuma rahoton kuɗi ba gasar lafazi ba ce. Gajerun jimloli da alƙaluma daidai sun wadatar. Addu'ar da Mama ta ce ki riƙe kuwa ki riƙe ta da kyau, musamman wadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna, a Suratu Ɗaha aya ta 25 zuwa ta 28, inda ya roƙi Ubangiji Ya buɗa masa ƙirjinsa, Ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, Ya warware ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa. Ki lura cewa bayan ya yi addu'ar, tafiya ya yi ya isar da saƙon.

Tunanin dare shi ma yana cikin abin da Clark da Wells suka ambata, wato mutum ya koma gida ya yi ta bitar abin da ya wuce, kuma bitar ba ta adalci, kurakurai kawai take zaɓowa ta ƙara musu gishiri. Ki ba ta lokaci ƙayyadadde. Bayan sallar la'asar ko kafin ki bar ofis, ki ɗauki minti goma ki rubuta a littafin nan naki abin da kika yi yau wanda jiya ba ki iya ba, da abu ɗaya da za ki gyara gobe, sannan ki rufe. Idan tunanin ya dawo kina kwance, ki gaya wa kanki cewa an riga an rubuta, ki koma kan azkar ɗinki na barci. Ki kuma rage shayi mai ƙarfi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari, musamman da yamma da safiyar Litinin, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu.

Idan kin cika wata uku, ki nemi minti goma a wurin wanda yake duba aikinki kai tsaye, ki ce masa kin kai rabin lokacin gwaji, kina so ki ji inda kike yin daidai da inda ya kamata ki gyara kafin lokacin tabbatarwa. Na san wannan zai yi miki nauyi fiye da duk abin da na lissafa, amma shi ne zai maye gurbin zato da labari na gaskiya, kuma shugabanni da yawa sukan ɗauki irin wannan tambaya a matsayin alamar ma'aikacin da ya damu da aikinsa. Idan kuma a nan gaba kika ga dariyar ba ta tsaya a rana ɗaya ba, wasu sun mayar da ke abin ba'a ko suna ci miki mutunci da gangan, to wannan wata matsala ce dabam wadda ba a jikinki take ba, sai ki rubuta ranaku da abin da aka faɗa ki kai wa sashen kula da ma'aikata.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Za ki iya haɗuwa da wadda za ta ce miki akwai ƙwayar da ke cire tsoro, ko ta nuna miki tiramadol ko maganin barci ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun watan Mayun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, mata da maza. Kada ki kusance su, kuma kada ki sayi wani maganin kwantar da hankali a kemis ba tare da takardar likita ba, domin wasu daga cikin waɗanda suka kamu da shaye-shaye da neman ƙarfin halin shiga mutane suka fara.

Ganin likita kuwa abu ne dabam, kuma ba abin kunya ba ne. Idan kin bi waɗannan matakai na wata ɗaya zuwa biyu ba ki ga sauƙi ba, ko rashin barcin ya ci gaba, ko kin fara ƙin zuwa aiki, ko kin lura cewa wannan tsoro ya daɗe tare da ke tun kina makaranta har ya sha hana ki abubuwan da kike so, ki je asibiti. Likitoci sukan duba ko tsoron ya kai wata shida ko fiye kuma yana tauye rayuwar mutum kafin su kira shi cuta, kuma yana da magani da aka tabbatar da amfaninsa, musamman na tattaunawa da gwaji mataki-mataki tare da ƙwararre, wanda ake kira CBT, wani lokaci kuma a haɗa da ƙwayoyin da likita ya rubuta yake kuma bibiya. A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, akwai kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma kina iya farawa da likitan asibitin da kika saba zuwa. Idan bugun zuciyar da gumin da rawar hannun suna zuwa miki ko kina zaune a gida ke kaɗai, musamman idan kina ramewa alhali kina cin abinci, ki gaya wa likita ya auna miki jini ya duba tayirod, wato halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin idan tana aiki fiye da kima takan kawo alamomi masu kama da na fargaba. Idan kuwa baƙin ciki ya taɓa kai ki ga jin cewa rayuwa ba ta da amfani, kada ki jira ko kwana ɗaya, ki gaya wa Mama ko wani babba da kika amince da shi a kai ki asibiti a ranar. Duk lokacin da za ki je, ki rubuta alamomin da kike ji da lokacin da suka fara a takarda, ki miƙa wa likita idan bayani ya yi miki nauyi, kuma ki tafi da wata 'yar'uwa ta raka ki. Allah Ya sauƙaƙa miki, Ya sa albarka a aikinki.